Wasiƙa zuwa ga aminina a kan Space Invaders

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka tambayi abin da ke sa dodannin wasan bidiyon nan na Space Invaders ƙara gudu idan an kusa ƙarar da su. To, asalinsa gazawar na'ura ce.

Tomohiro Nishikado, injiniyan kamfanin Taito na Japan, shi ya ƙera wasan, ya fito a 1978. Dodanni 55 ne, layi 5, kowanne da 11. Ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatin wasan, Intel 8080, guda ɗaya tak take gusarwa duk sanda hoto ya sabunta, wato sau 60 a daƙiƙa. Idan suna cike, sai kusan daƙiƙa guda kafin duka su yi taku ɗaya. Ka kashe rabi, lokacin ya ragu da rabi. Na ƙarshen kuwa gudu yake kamar an watsa masa ruwan zafi. Nishikado ya lura, ya bar abin haka, kuma a ganina nan daɗin wasan yake. Sautin nan huɗu mai kama da bugun zuciya ma yana ƙara sauri, hannu ya fara gumi.

Launin da ake gani a akwatunan farko ba na allon ba ne. Baƙi da fari ne, aka manna masa leda mai launi, kore a ƙasa, ja a sama.

Idan za ka buga, ka sani harsashinka ɗaya ne a allo. Ka kuskure, sai ka jira ya kai sama. Fara da share jerin da ke gefe, don sai sun taɓa bango suke saukowa. Ka riƙa ƙirga harbi kuma: jirgin da ke giftawa sama yana ba da maki 300 a harbi na 23, daga nan duk bayan 15.

A Japan har shaguna aka buɗe don shi kaɗai, wasa ɗaya yen 100. Kamfanin Namco ya biyo sahu da wasan Galaxian a 1979, da launi na gaske, sannan kamfanin Atari ya kai Space Invaders cikin gidaje a 1980.

Ka gaida mutan gida. Ina jiran jin makin da ka ci.

Naka,
Amininka