Wasiƙa ga Baba kan Canjin Makarantar Auta

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya, ku da Inna da sauran mutanen gida. Mu ma nan ƙalau muke, sai godiyar Allah.

Saƙonku ya iso kan maganar Auta, cewa yana so ya ajiye karatun jami'a a aji biyu ya taho Amurka ya ɗora daga aji uku. Baba, don Allah ku dakatar da shi tukuna. Kada ya saki makarantarsa sai jami'ar nan ta ba shi a rubuce, kwas bayan kwas, abin da za ta karɓa.

A nan kiredit ake ƙirgawa, wato ma'aunin awannin karatun kowane kwas, ba shekaru ba. Kwas ɗin da ake shiga aji awa uku a mako, tsawon zango na wajen mako 15, kiredit uku ke nan, digirin farko kuma yawanci 120 ne. Jami'ar da zai koma ita ke da wuƙa da nama. Wadda ya baro ba ta da ta cewa. Za su duba ko hukuma ta amince da makarantarsa, sannan su duba maki, don abin da ya gaza C ba kasafai yake wucewa ba. Takardar sakamakon ma ba shi zai riƙo ba, makarantarsa ce za ta aiko kai tsaye, kuma da yake daga ƙasar waje take, sau da yawa sai ta bi ta hannun masu tantancewa irin su WES. Su ɗin ma shawara kawai suke bayarwa.

Abin da ya fi damuna shi ne, a karɓi kwas daban, ya yi wa mutum amfani daban. Na ga takardar wani yaro da ya yi irin wannan ƙaura. An karɓi kwas ɗinsa na lissafi, amma a gefe aka rubuta cewa na zaɓi ne. Wato ya shiga jimla, sai dai bai maye gurbin lissafin da sashen injiniya ke nema ba, saboda manhajar makarantar da ya baro ba ta taɓo wasu babi ba. Haka ya sake zama, ya sake biya. Shi ya sa nake so tun yanzu Auta ya bi malamansa ya karɓi manhajar kowane kwas: darussan mako-mako, littafin da aka yi amfani da shi, da awannin ɗakin gwaji. Ita malaman sashe ke ɗorawa kusa da tasu su gwada.

Ko komai ya tafi daidai, yawancin jami'o'i sai mutum ya yi aƙalla kiredit 30 a wurinsu kafin su ba shi digiri, wasu har rabi. Matsakaicin makin da ya sha wahalar tarawa kuma galibi ba ya biyo shi, sabon lissafi ake buɗe masa.

Ba tsorata ku nake yi ba. A 2017 ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya kiyasta cewa ɗaliban da suka canza makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. 'Yan cikin gida ke nan fa. Masu wucewa salin-alin su ne 'yan kwalejin shekara biyu da ke da yarjejeniya da jami'a, ko kamar a jihar Fulorida inda makarantun gwamnati ke amfani da lambar kwas iri ɗaya.

A ganina, in amsar ta nuna zai rasa fiye da shekara guda, gara ya daure ya ƙarasa a inda yake, ya zo digiri na biyu. A wannan matakin digirin ake kallo ɗungurungum. Ku ce masa ya turo mini sunayen kwasa-kwasansa da makinsu, in taya shi rubuta wa ofisoshin ɗaukar ɗalibai kafin a kashe ko sisi.

A gaishe mini da Inna ƙwarai. Allah Ya ƙara girma da lafiya.

Ɗanku.