Ba danƙarewa ce ke sa ƙarfe tauri ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi gyara a kan wani bayani da na karanta a shafinku na kimiyya, inda marubucin ya ce ƙarfen da aka daka yana ƙara tauri ne don an danƙare shi, kamar yadda ake daɓe ƙasa. Bayanin da daɗin ji, amma ba haka abin yake ba. Shekarata goma sha ɗaya ina shirya samfuran ƙarfe a ɗakin gwaje-gwaje, abin da zan faɗa kuma na gan shi da idona.

Ka auna guntun jan ƙarfe kafin duka da bayan duka, siffarsa ce kawai ta sake, yawan wurin da ya ci kusan yana nan yadda yake. Ba wani rami a cikinsa da guduma ta cike. Shi ƙarfe tarin ƙananan tsaba ne manne da juna. A cikin kowace tsaba, ƙwayoyin zarra sun jeru sahu-sahu, sai dai sahun wannan bai fuskanci inda na maƙwabciyarta ya fuskanta ba. In an lanƙwasa ƙarfen, sahun nan kan zame ne ta wuraren da jerin ya ɗan goce. Tun 1934 masana uku, Taylor da Orowan da Polanyi, kowa ta nasa ɓangaren, suka ce dole akwai irin wannan gocewa. Sai a 1956 Peter Hirsch da abokan aikinsa a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka ga tana motsi a madubin ilaktaron, wato na'urar girmama ƙananan abubuwa da ke aiki da ƙwayoyin lantarki (ilaktaron) maimakon haske.

To, duka yana ninka wuraren gocewar nan har su sarƙe, kowanne ya tare wa ɗan'uwansa hanya. Taurin ke nan. Shi ya sa in ka yi ta lanƙwasa waya a wuri ɗaya za ka ji tana ƙara gardama kafin ta karye.

In wahalar ta tsananta, kamar a murɗa ɗan faifan ƙarfe ƙarƙashin matsi mai yawa, dabarar da Percy Bridgman ya fara a Amurka wajen 1935, sai sarƙaƙiyar ta taru ta zama katanga, ta yayyanka tsabar har ta gaza maikiron ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Masana biyu, Hall a 1951 da Petch a 1953, sun nuna cewa iya ƙanƙantar tsaba, iya ƙarfin ƙarfen. Madubin girmama abu mai aiki da haske ba ya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na maikiron, don haka a nan ba shi da ta cewa.

Aikin hannun shirya samfurin da za a duba a madubin ilaktaron kuwa ba wasa ba ne. Faifai nake yankewa mai faɗin milimita 3, in goge shi, in sa ruwan asid da lantarki su yi ta cinsa har ƙaramin huji ya ɓullo a tsakiya. Bakin hujin nan kaɗai, inda kaurin ya kai wajen nanomita 100, ilaktaron ke iya ratsawa.

Ga kuskuren da na taɓa yi, don shi ne ya sa na damu da maganar nan. A shekarata ta biyu na ɗauki hoton jan ƙarfen da aka murɗa, na ƙirga duk wani ɗan kewaye da na gani a matsayin tsaba. Wata malama da ta riga ni a aikin ta ce, "Ɗan karkata samfurin mu gani." Ina karkatawa, da yawa daga iyakokin suka dushe. Ashe ɗakuna ne kawai a cikin tsaba ɗaya, bambancin fuskantarsu digiri biyu ko uku, alhali sai ya haura 15 ake lissafa shi cikakkiyar iyaka. Daga ranar ban sake yarda da hoto shi kaɗai ba. Sai na auna inda kowane yanki ya fuskanta ta layukan Kikuchi, wato layukan da ilaktaron ke zanawa in ya ratsa samfurin, waɗanda wani masani ɗan Jafan ya fara gani a 1928.

Roƙona gare ku, Edita, ku buga gyaran nan don ɗaliban da ke yanke shafin suna ajiyewa. Kuma hoton da kuka haɗa da bayanin, an yanke masa ɗan layin ma'auni da ke ƙasa, har ni kaina na kasa gane ko tsabar maikiron ɗaya ce ko hamsin. Don Allah in za a sake buga irinsa, a bar layin.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin gwajin ƙarafa