Wasiƙa daga Semporna, ƙasar Bajau

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. A gaida Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Ka sha yi mini ƙorafi cewa tun zuwana Maleshiya ba na ba ka labarin komai sai karatu. To yau ga labari. Hutun nan na tsallaka tsibirin Borneo, jihar Sabah, na sauka a Tawau, mota ta kai ni wata gunduma da ake kira Semporna, can ƙuryar gabas inda ruwan Maleshiya ya yi iyaka da na Filifin da Indunusiya. Akasarin mutanen gundumar Bajau ne, kuma abin da na gani a wurinsu ya tsaya mini a rai.

Wurin tsohon mazauni ne. Akwai wani tsauni kusa da gari, Bukit Tengkorak, inda masu tonon tarihi suka samo tarin fasassun tukwane na kimanin shekara 3,000, har da wani baƙin dutse mai ƙyalli da aka gano asalinsa daga tsibirin New Britain ne, wajen Papua New Guinea. Ka ga ke nan tun wancan zamani mutanen wannan gaɓa suna keta teku. Daga baya yankin ya shiga ƙarƙashin Sarkin Musulmin Sulu, wasu tsibirai da ke kudancin Filifin ta yau, Bajau kuwa su ne masu nutso su ɗebo lu'ulu'u da sauran albarkar ƙasan teku da ake kai wa kasuwannin Sin. A 1878 Sarkin Sulu ya sa hannu a wata yarjejeniya da Turawa biyu, Overbeck da Dent, kan miƙa musu wannan yanki, wadda har gobe ake gardama a kanta, ko haya ce ko sayarwa. Kamfanin Ingila na Arewacin Borneo ya sami izinin mulki a 1881, ya kafa tasharsa a Semporna a 1887. Gwamnatin Ingila ta karɓi ƙasar a 1946, sannan a 1963 Sabah ta shiga tarayyar Maleshiya. Duk wannan shata iyaka da aka yi ta yi, a kan ruwan da mutanen nan suke yawo tun kaka da kakanni aka yi ta.

Bajau ba duka suka zama ɗaya ba. Abin ya yi mini kama da Fulanin gida da Bararoji a wajenmu. Akwai waɗanda suka daɗe da zama a tudu, Musulmi ne 'yan mazhabar Shafi'i, 'yan ƙasa ne cikakku, da malamansu da attajiransu. Daga cikinsu aka sami Tun Sakaran Dandai, ɗan Semporna, wanda ya yi babban ministan Sabah a 1994 kafin ya zama gwamnan jihar, da kuma Shafie Apdal wanda ya riƙe kujerar babban minista daga 2018 zuwa 2020. Sai kuma Bajau Laut, na teku, waɗanda kakanninsu a cikin jirgi ake haihuwarsu, a ciki suke girma. Jirgin nan na katako, lepa, shi ne ɗaki, shi ne madafa. Yanzu yawancinsu sun kafa bukkoki a kan dirkoki a tsakiyar ruwa.

Na shiga kasuwar kifi da sassafe na ga matansu, fuska shafe da wani farin kwaɓi na garin shinkafa da kurkum saboda zafin rana. Suna sayar da kifi da ƙwaryar teku, su sayi rogo, domin tuwonsu na rogo ne da ake turarawa, putu. Mazan kuwa gwanayen nutso ne, da tabarau na katako da mashi kawai suke sauka ƙasan ruwa, ba tukunyar iska. Wani bincike da aka wallafa a 2018 a kan 'yan uwansu na Sulawesi ya nuna saifarsu ta fi ta maƙwabtansu na tudu girma da kusan rabi, abin da ke taimaka musu su daɗe ba numfashi. Ikon Allah.

Amma wallahi abin da ya dame ni shi ne maganar takarda. Da yawa daga cikin na tekun ba su da shaidar zama 'yan kowace ƙasa. Wasu iyayensu ba su taɓa yin rajistar haihuwa ba, wasu sun gudo ne daga kudancin Filifin lokacin yaƙin 'yan tawayen Moro, Musulmin yankin, da gwamnati a shekarun 1970. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba ya shiga makarantar gwamnati. Idan ciwo ya kama shi, kuɗin baƙo za a caje shi a asibiti, ga tsoron kamu, don haka sai a zauna da ciwon. Ya girma ya haihu, ɗansa ma ya gaji rashin. Na ga yara ƙanana a kwale-kwale suna kewaye jirgin masu yawon buɗe ido, hannu a miƙe, Turawa da 'yan Sin suna ta ɗaukar su hoto. Hawaye ya kusa zubo mini.

Ba zan zalunci hukuma ba, tana da nata dalilin tsoro. A Afrilun 2000 'yan Abu Sayyaf, ƙungiyar 'yan bindiga ta kudancin Filifin, suka sace mutum 21 daga tsibirin Sipadan, tsibirin da Kotun Duniya ta tabbatar wa Maleshiya a 2002 bayan shari'a da Indunusiya. A 2013 kuma wasu 'yan bindiga magoya bayan Jamalul Kiram na Uku, mai da'awar sarautar Sulu, suka sauka a gundumar Lahad Datu ta Sabah, faɗan ya iso har unguwar Simunul a nan Semporna, aka kashe 'yan sanda. Tun daga nan aka tsaurara tsaro, aka sa dokar hana zirga-zirgar dare a teku. To sai dai masunci talaka ne ya fi ɗanɗana kuɗarta, ba ɗan bindiga ba. Ga shi an mai da tsibirai takwas gandun teku na Tun Sakaran a 2004, kuma a Yunin 2024 hukuma ta rushe bukkoki sama da 100 a can, wasu ma aka ƙone su, bisa hujjar an gina su ba izini. A ganina wanda ba ka ba shi takarda ba, ba ka da bakin tambayarsa izini. Kuma ina za shi?

Tun 1994 ake bikin lepa duk shekara a garin nan: a ƙawata jirage da tutoci masu launi, a kaɗa kulintangan, kayan kiɗansu na ƙarfe, 'yan mata su yi rawar igal a kan jirgi, a zaɓi lepar da ta fi kyau. Biki ne na gaske, mutanen gari suna alfahari da shi, kuma sun cancanta. Ni dai burina in ga ranar da yaran da aka haifa a cikin ainihin jirgin za su sami gurbi a aji. Akwai matasa 'yan sa kai da suke buɗe musu 'yan makarantu a unguwannin kan ruwa suna koya musu karatu da lissafi. Allah ya saka musu da alheri.

Jibi zan koma Tawau in hau jirgin Kwala Lamfur in sha Allah. Ka rubuto mini yadda damina ta kasance bana da farashin masara, ka kuma gaida mutanen majalisa baki ɗaya.

Wassalam,
Naka har kullum.