Rigar kulob da kallon ƙwallo a waya sun fi ƙarfin talaka

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mu Hausawan Makka da Jidda muna son ƙwallo wallahi, lokacin da Ahmed Musa ya zo ƙungiyar Al-Nassr ta Saudiyya a 2018 yaranmu da yawa sun koma goyon bayanta, zuwan Ronaldo kuma ya ƙara kunna abin. Amma rigar kulob ta asali tsadarta ta yi yawa, mai aikin shago ko direba ina zai iya, dole ya tafi kasuwa ya sayo jabu, wanki kaɗan lambar ta ɓare. Ga kallo kuma, gasar Ingila manhaja daban, ta Saudiyya daban, ta Ingila kuma sai an biya kuɗi, shi ya sa matasa ke bin shafukan sata masu yankewa ana dab da cin ƙwallo. Don Allah kulob-kulob su fito da riga mai sauƙin kuɗi.

Naku,
Mai karatu daga Jidda