Zuwa ga mutumina, kan zancen takwaranka

Assalamu alaikum mutumina,

Kai dai ba ka da kirki wallahi, tun sallar layya ko filashin babu, sai dai in ga ka saka hoto a Facebook da wata jar hula kamar dillalin shanu. Ya gida, ya Madam da yara, ya sanyin can? Akwai abin da nake so in tambaye ka amma bari in fara da wanda ya hana ni barci.

Ɗana ne, takwaranka. In'inar nan tasa ta yi tsanani bana har ya daina magana a aji saboda yara na kwaikwayonsa, in an aike shi shago gara ya nuna abu da yatsa da ya ce Maggi, a kan "ma" ɗin nan yake maƙalewa ya yi ta buga ƙafa a ƙasa har idonsa ya kawo ruwa. Uwarsa ta yi kuka ta gaji, Hajiya kuma rubutu kala uku ta kawo mana.

To daren Juma'a muna kallon Lion King a wayata, karo na ɗari, sai ya ce min da kyar shi muryar Mufasa, sarkin zakunan nan, yake so in ya girma. Na yi dariyar yaƙe kawai. Da ya yi barci na ce bari in duba wane ne mai muryar nan, kai mutumina, ashe mai in'ina ne! James Earl Jones. Ka san shi mana, shi ne sarkin nan uban Eddie Murphy a Coming to America da muka kashe kaset ɗinsa a ɗakin Dogo, lokacin da kake cika mana baki wai kai ma jinin sarauta ne, alhali ko da mai unguwa ba ku haɗa dangi ba.

A 1931 aka haife shi a Mississippi, ubansa ya yi gaba ya bar su, yana ɗan shekara biyar ya koma gonar kakanninsa a Michigan, to nan fa bakin ya kulle, wajen shekara takwas yaro kamar bebe. Sai a sakandare wani malaminsu na Turanci, Donald Crouch, ya ga waƙar da ya rubuta ya ce sam bai yarda shi ya yi ta ba, in da gaske ne ya tashi ya kawo ta da ka a gaban aji. Ya tashi ya zubo ta tas babu gargada. Nan na ajiye wayar na yi tagumi, don mu kullum cewa muke "yi a hankali, ja numfashi", ko mu ƙarasa masa maganar don tausayi, ashe ƙara ɗaure shi muke.

Likitanci ya fara nufa a Jami'ar Michigan ya watsar ya kama wasan kwaikwayo, ya yi soja, ya zo New York har shara da goge-goge ya yi kafin ta faɗa masa. Kuma shi fa asalinsa ɗan wasan dandamali ne, gaban mutane ido da ido, inda babu "a yanke a sake", mai in'ina fa! Ya ci kyautar Tony ta 'yan wasan dandamali a 1969 ya sake ci a 1987, a talabijin kuma kyautar Emmy biyu ya kwasa a 1991 kaɗai. Muryar Darth Vader da ya yi a fim ɗin Star Wars na 1977 dala 7,000 aka biya shi, sunansa ma bai fito ba a lokacin. Ya rasu ranar 9 ga Satumba 2024 yana da shekara 93, kuma har tsufansa yana faɗa in'inar ba ta rabu da shi ba.

Sai na tuna ai yaron nan in yana tilawar Tabaraka ko sau ɗaya ba ya tuntuɓe. Da safe na zaunar da shi ya haddace "a ba ni Maggi na ɗari" muka yi ta rerawa kamar karatun allo, na aike shi ina leƙe daga soro. Ya faɗe ta wallahi, da ƙira'a, har mai shago ya ce sadaƙallahul azim. Ya dawo da gudu ya bar canjin can.

Af, Dogo zai ƙara aure bayan azumi, uwargida ta riga ta kwashe firij ta kai gidansu. Mutumin da har yau nake bin sa dubu biyar ɗin taya.

Malamin ajinsu nake tunanin samu ranar Litinin ya riƙa ba shi hadda yana kawowa, amma ina tsoro, in ya maƙale a gabansu fa? Shi wancan malamin, Crouch, sa'a ya ci ko sani ne, oho. Kai da ka koyar shekara goma me ka gani?

Abin da na ce zan tambaye ka ya shige min. Ka gai da Madam, ka kuma cire hular nan don Allah.

Naka har kullum.