Zuwa ga Edita: gero na jibge a kasuwa muka ci anza

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, shirinku na daren Lahadi ne ya sa na ɗauki biro, don har yanzu abin bai bar cina ba. Kusan rabin awa kuka yi kuna jera mana muƙaman Amartya Sen, masanin tattalin arzikin nan ɗan Indiya, kamar maroƙi a gidan biki: an haife shi a Santiniketan a 1933, an ba shi ya kafa sashen tattalin arziki a jami'ar Jadavpur bai ko cika shekara 23 ba, ya koyar a Delhi, ya koyar a Landan da Oxford da Harvard, ya shugabanci kwalejin Trinity ta Cambridge daga 1998 zuwa 2004, ya karɓi kyautar Nobel a 1998. Duk gaskiya ne, ban ƙi ba. Amma da aka zo kan ainihin abin da ya sa duniya ta san shi, sai mai gabatarwa ya dunƙule shi a jimla guda, ita ma a juye. Wai Sen ya tabbatar da cewa ƙarancin abinci ne ke kawo yunwa, don haka magani shi ne a ƙara noma. Subhanallahi! Maganar da bawan Allahn nan ya yi shekaru yana warwarewa, ita kuka ɗauka kuka ɗora masa a ka. Baƙon da kuka gayyato kuma, wanda aka ce mana dakta ne, sai cewa ya yi "ƙwarai kuwa".

Ni ba masanin tattalin arziki ba ne. Malamin lakwal ne ni, wato makarantar boko, na yi ritaya. Amma a 2005 ina koyarwa a wani ƙauye kusa da Tasawa, kuma gani ya kori ji. Damina ta 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta zo ta ƙarasa abin da ya rage a wasu wurare, wannan ba mai musu. To amma ranar kasuwa ka shiga layin 'yan hatsi ka gani. Buhuna ne jibge har sun fi tsayin mutum, manyan motoci ana yi musu lodi suna yin kudu. Ba a taɓa wayar gari an ce yau babu gero a kasuwa ba. Abin da babu shi ne kuɗin saye. Buhun da muka saya wajen jika goma ta sefa bayan kaka, kafin tsakiyar damina ya tasam ma jika talatin.

Akwai wani uban ɗalibina, makiyayi ne mai ɗan garke. Ina tsaye ya jawo akuyarsa kara, duk haƙarƙarinta a waje saboda babu ciyawa. Akuyar da a da in ya sayar zai koma gida da buhu a kan jaki, ranar dillali ya taya ta kuɗin da bai wuce na 'yan tiyoyi ba. Ya tsaya yana kallon akuyar, yana kallon tarin buhunan da ke gefe, har la'asar bai ce a sallama ba. Daga ƙarshe ya sallama, ya ƙulle geron a bakin rawaninsa da wani tsohon zane. A gidansa a lokacin anza ake ci. Kun san anza kuwa a ɗakin watsa shirinku? 'Ya'yan itace ne masu ɗacin tsiya, sai mata sun jiƙa su kwanaki suna sauya ruwa kafin su ciwu, kuma ko sun ciwu ciki ne kawai ake ruɗi. Ajina na yara hamsin da 'yan kai ya dawo ba ya cika ashirin. Masu zuwan ma, kafin hantsi sun kife kai a kan tebur. Na daina dukan mai barci a shekarar.

Wannan akuyar ita ce duk karatun Sen. Littafin da ya fitar a 1981 kan talauci da yunwa, ba yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943 kaɗai ya duba ba, har da Habasha da Bangladesh da yunwar Sahel ta wajen 1973, wato tamu, wadda tana cikin abin da ya ci kujerar shugaba Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Ya nuna yadda makiyayi ke shiga uku idan dabba ta faɗi hatsi ya tashi, ko da kuwa rumbunan 'yan kasuwa a cike suke. A Bengal ɗin ma, lissafinsa ya nuna abincin da ke ƙasar a 1943 ya fi na 1941, alhali a 1941 ba a yi yunwa ba. Yaƙin duniya ne ya sa kuɗi suka yi yawa a birnin Kalkata, shinkafa ta yi tashin gwauron zabo, ladan ɗan ƙwadago a ƙauye bai motsa ba. Masu aikin gona na lada, da masunta, da wanzamai su ne suka zube, mutum miliyan biyu zuwa uku. Shi kuwa yana ɗan shekara tara a gidan kakansa, an ba shi gwangwanin sigari an ce duk wanda ya zo bara ya auna masa shinkafa cikinsa ɗaya. Wannan gwangwanin ya fi rigar Cambridge da kuka yi ta kwatantawa muhimmanci, amma ko ambatonsa ba ku yi ba. Mu nan ma dattawanmu sun riga boko gane haka: yunwar 1984 ba su sa mata sunan fari ba, El Buhari suka kira ta, saboda rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi.

Kuma da kun karanta shi da kyau, da kun ga inda ya taɓo sana'arku. Turawan mulki sun yi gum da bakinsu kan yunwar Bengal har sai da jaridar Statesman ta Kalkata ta buga hotunan mutanen da ke mutuwa a titi. Daga nan ne ya gina maganarsa cewa ba a yin babbar yunwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da 'yan jarida masu bakin magana. A nan ni kaina ina da ja da shi, kuma ita ce tambayar da na zauna jira ku yi wa daktanku. A 2005 ai zaɓaɓɓen shugaba gare mu, Tandja Mamadou, bai daɗe da cin zaɓe karo na biyu ba. Ya fito ya ce babu yunwa a Nijar. Watanni aka yi ana sayar da hatsi da rangwame ga mutanen da ko dala ba su da ita, sai da hotunan yaran Maradi suka zagaya duniya sannan aka fara rabo kyauta. To shin Sen ne ya yi kuskure, ko dimokuraɗiyyar tamu ce ba ta nuna ba? Ga muhawara mai daɗi a gabanku, kuka bar ta kuka koma lissafa digirorin girmamawa.

Ko batun jami'ar Nalanda ta Indiya da kuka ce ya zama shugabanta na farko, ba ku faɗi cewa a 2015 ya janye daga neman wa'adi na biyu yana kukan gwamnati na tsoma hannu a harkar jami'a ba. Malaman jami'o'inmu da suka saurare ku da sun so jin wannan.

Ina roƙon ku gyara maganar nan a shiri na gaba, da bakin wanda ya faɗe ta, ba a tsakiyar gaishe-gaishe ba. Akwai ɗalibai da ke rubuta abin da kuka faɗa suna kai wa malamansu.

Sannan don Allah wannan kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin murya, ku rage shi ko ku cire. Da ma rediyona ƙarama ce, kunnen ma ya fara tsufa, sai in kafa ta a kunne in ji garaya ta danne mai magana. Lambar WhatsApp ɗin kuma mai karantawa sai ka ce kura ta biyo shi. Sau uku ina ɗauko biro, ban taɓa wuce lamba ta biyar ba, shi ya sa ma wannan wasiƙar ta biyo ta hannun ɗana da ke Maradi.

A gaida ma'aikata baki ɗaya.

Naku mai sauraro,
Tsohon malamin lakwal,
Tasawa, Jamhuriyar Nijar.