Rahoton kwamitin gyaran wutar Islamiyya

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Alhamdulillahi aikin wayarin ɗin Islamiyyarmu ya kammala, ajujuwa da ofis duk an gwada, fitilu na kamawa fankoki na juyawa.

Abin da ya ci mana lokaci shi ne fayif ɗin da aka binne a bango tun lokacin gini. Tsarin farko a zare tsohuwar waya ne kawai a zura sabuwa, to da mai wayarin ya tura fishin tef, wato siririyar igiyar da ake jan waya da ita a cikin fayif, daga wajen mita zuwa ajin ƙarshe sai ta cije, a tura ta ƙi a jawo ta ƙi. Ana fasa filasta sai ga kwana, wato lanƙwasa, har biyar a layi ɗaya ba akwatin jan waya ko ɗaya a tsakani, wata kwanar ma da wuta aka gasa fayif ɗin aka lanƙwasa, ya tsuke har ɗan yatsa ba ya shiga.

Ya ce mana a ƙa'idar Ingila, wadda ita aka fi bi a nan, bayan kwana biyu masu digiri 90 sai a sa akwatin jan waya, su kuma Amurka sun yarda har jimlar digiri 360 wato kwana huɗu tsakanin akwati da akwati. Namu dai ya zarce duka biyun. Kowace kwana ƙara riƙe waya take, in aka ce sai an ja da ƙarfin tsiya rigar wayar ta ɗaye a ciki ba wanda ya gani, sai damina ta zo bango ya jiƙe wuta ta fara jan yara, Allah Ya kiyaye.

Shi ya sa muka amince aka sa sabon fayif mai 20mm, inda wayoyi suka yi yawa 25mm, da sufirin da ake zurawa cikin fayif don kar ya tsuke aka lanƙwasa su kwana mai faɗi. Fitilu da fanka waya 1.5mm, soket 2.5mm.

Mun ji wasu na cewa akwatunan jan wayar da ke baranda sun ɓata ado, to gaskiya mu dai mun fi son su a fili, don Allah mai fenti kar ya shafe murafen da siminti don ta nan za a ja waya gaba. Rasitai na wajen ma'aji, mai son dubawa ya same shi bayan sallar La'asar. Saura fenti da toshe inda aka fasa.